Kanwa uwar gami

Shekarar da na fara riƙe alli, a wani kolej na Filinge, aka ba ni darasin sinadarai a ajin masu shirin BEPC. Ban jima da baro Yamai ba, kaina cike da takarda. Na ƙudurta cewa yaran Kurfai da kayan gidansu zan koya musu. Ga kanwa nan ana fid da ita daga ƙasar kwarin Dallol Boso, uwa na jefa ta a tukunyar wake, makiyayi na ba shanunsa su lasa. Na sayo dunƙule guda a kasuwa, na aza bisa tebur, na shaida musu cewa babban abin da ke cikinta shi ne kabonat na sodiyom, gauraye da bikabonat da gishiri da ƙasa. Har na yi musu burga da tarihi: alamar Na daga natrium ta fito, natrium kuma daga natron, sunan kanwa a bakin Turawa, kuma Berzelius, mutumin Suwidin, shi ya kawo rubuta sinadarai da haruffa wajen 1813. Sannan na juya na rubuta a allo: NaCO₃.

Wata yarinya a bencin baya ta ɗaga hannu.

"Mushe, ku gafarce ni. Jiya kun ce sodiyom caji ɗaya gare shi, kabonat biyu. To ɗayan wa zai biya?"

Aji ya yi tsit. Tambayar ta shige ni, amma girman kai ya riga ni buɗe baki.

"Ke, kwafi abin da ke allo."

Ta sunkuya ta kwafa, sauran ma suka kwafa.

Da dare na buɗe littafina a hasken cocila, ga shi ɓaro-ɓaro: Na₂CO₃. Kabonat na bin bashin caji biyu, sodiyom ɗaya ba ya iya biya sai su biyu, don haka ƙaramin 2 ɗin nan da na yar shi ne dukan lissafin. Abin da ya fi yi mini ciwo, ni hadda na yi tun ina ɗalibi, haddar kuma ta zube. Ita ko dokar da na faɗa musu da bakina ta riƙe, ta auna ni da ita.

Kwana uku ina ta jan ƙafa. Na so in gyara a ɓoye, in ce alli ne ya goge. A rana ta huɗu dai na tsaya gaban aji na ce kuskurena ne, kuma na tsawata wa mai gaskiya. Daga ranar na hana kowa, har ni kaina, rubuta wani sinadari kafin ya jera caji a gefe. Muka bi CaCl₂, muka bi Ca(OH)₂ da dalilin bakan da ke rungume da OH, har muka kai Al₂(SO₄)₃, inda shida ke biyan shida.

Da na zagaya duba gyara, na iso kan kayenta. Ashe tun ranar farko ta sa ɗan 2 da fensir a gindin Na, ƙanƙane, yadda in na matso za ta iya shafe shi da yatsa.