Tsagaggen bango da iskar hunturu

A fadarmu ta bakin titi, nan Damagaram, akwai ɗan kofi guda da ake cika mini kafin a zuba sukari cikin buta. Tun shekarar 2016 nake shan shayi da ɗacinsa, ranar da likita ya auna jinina kafin in karya kumallo, ya samu giram 2 da ɗoriya a cikin lita, alhali daga 1,26 ake cewa mutum ya kamu da ciwon sukari. Na saba. Na saba da ƙwayar metformin safe da dare, na saba da huda ɗan yatsa, na saba da ganin ana wucewa da fura da dabino ta gabana ina kau da kai. Abu guda ne ban taɓa sawa cikin lissafi ba, shi ne mura.

To, wa ke lissafin mura? Malamin lakwal da mura ai abokan zama ne. Da zarar hunturu ya sauko, ƙura ta rufe duwatsun Birni, sai aji ya cika da tari da atishawa, wannan yaro ya ba wancan, wancan ya ba malam. Mu kan ce murar ɗari ce, a dafa citta da kanumfari, a matsa lemun tsami, a naɗa rawani, a koma gaban allo. Shekara da shekaru haka nake yi, ban ga abin da ya same ni ba.

Sai Janairun 2023. Ina cikin darasi da hantsi na ji sanyi ya ratsa mini ƙashi, kafin azahar jikina ya yi zafi kamar garwashi, kowace gaɓa tana ciwo. Na kwanta. Abinci ya fita raina, sai na yi wa kaina wani lissafi irin na wanda ya san rabin abu: tunda ba na ci, sukari ba zai hau ba, babu amfanin awo. Na aika aka sayo mini maganin tari na kwalba, mai zaƙi kamar zuma, ina ta kurɓa. Ƙishirwa ta dame ni, fitsari ya ƙi tsayawa, ban farga ba. A rana ta uku uwargida ta ɗauko na'urar awo da kanta, ta ce: «Malam, miƙo hannunka, yau ba shawara nake nema ba.» Na'ura ta nuna 3,8. A daren nan aka kai ni asibiti, numfashi yana yi mini wuya. An duba zazzaɓin cizon sauro, babu. Ciwon ya riga ya sauka cikin huhu. Kwana 6 na yi ana ƙara mini ruwa, ana yi mini allurar insulin da ban taɓa buƙata ba.

Likitar da ta kula da ni tsohuwar ɗalibata ce, ni na koya mata raba lamba. Ranar sallama ta jawo kujera ta zauna, ta ce: «Mushe, yau ni zan yi darasi.» Ta bayyana mini cewa abin da muke haɗawa mu kira mura iri biyu ne. Akwai ta yau da kullum, mai majina da toshewar hanci, wadda ke tafiya da kanta. Akwai kuma wadda ake kira girif, ƙwayar cutarta daban ce, tana faɗowa farat ɗaya da zazzaɓi da ciwon jiki. In jiki ya shiga yaƙi da ita, sai ya saki wasu sinadarai da ke sa hanta ta zubo sukari cikin jini, su kuma hana insulin aiki yadda ya kamata. Shi ya sa sukari ke hawa ko mutum bai sa loma a baki ba. Sukarin da ya yi yawa kuma yana raunana dakarun jini masu kare jiki, sai cutar ta samu hanyar huhu. Ta ce ranar ciwo ake ƙara yawan awo da shan ruwa, kuma batun tsai da magani ko ci gaba da shi, likita ake tambaya.

Ina saurarenta sai karin maganar nan ta faɗo mini: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni ne bangon. Shekara 7 ina lura da abin da ke shiga bakina, na manta da abin da ke shiga hancina.

Kafin ta tashi ta ce in nemi allurar rigakafin girif kafin ɗari mai zuwa, domin Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sa masu ciwon sukari cikin waɗanda ya kamata su yi ta kowace shekara, tare da tsofaffi, da mata masu ciki, da ƙananan yara, da ma'aikatan lafiya. Na ce to. Amma «to» na asibiti daban, na gida daban. Wata 9 na yi ina jujjuya maganar.

Shakkata ta farko daga fada ta fito. Wani dattijo cikinmu, tsohon direban babbar mota, ya ce: «Malam, da iliminka za ka kai hannu a zuba maka cuta? Wani maƙwabcina ya yi ta, washegari ya kwanta.» Na koma na tambaya. Allurar da ake yi a dantse ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, ba ta iya sa girif. Abin da takan jawo shi ne ciwon dantse, wani lokaci ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, alamar jiki na koyon darasinsa. Kariyarta kuma ba ta kankama sai bayan mako 2, wanda ya kwashi cutar cikin wannan tsakani sai ya ɗora wa allura laifi.

Ta biyu ta fi nauyi: me ya sa kowace shekara? Mu da muka tashi muna ganin lamba a dantsen iyayenmu, shaushawa ɗaya da ta raba su da agana, har duniya ta yi shelar ƙarewar cutar a 1980, muna ganin allurar kirki sau ɗaya ake yin ta. Amsar ita ce ƙwayar girif tana sake kama kamar hawainiya. Saboda haka OMS ke zama sau biyu a shekara, cikin Fabrairu da Satumba, ta dubi irin ƙwayoyin da ke yawo, ta faɗi waɗanda za a haɗa sabuwar allura da su. Cibiyar CERMES ta Yamai tana cikin masu sa ido kan waɗanda ke yawo a ƙasarmu. Hasashe ne, yakan dace, yakan kuma kauce. A shekara mai kyau allurar na rage haɗarin kamuwa da wajen rabi, a wata shekarar ba ta kai haka ba. Likitar ba ta ɓoye mini wannan ba, abin da ya sa na ƙara yarda da ita ke nan.

Ta uku ita ce aljihu. Wannan allura ba ta cikin waɗanda ake yi wa yara kyauta. Sai an neme ta a babbar farmasi, kuma tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, zafi na ɓata ta, ƙanƙara ma haka. Ga malamin da ke auna albashinsa da tiyar hatsi, kuɗin abin da ba ya warkar da komai a ido yana da ciwon fitarwa. Sai na ɗauko takardun asibitin Janairu na tara su. Kwana 6 ɗin nan sun cinye abin da zai saya mini allurar shekaru masu yawa, ban da mako 3 da ajina ya zauna babu malami, ga jarrabawa na matsowa.

Amma ba lissafi ne ya yanke mini shawara ba. Wata rana na tuna kakata, wadda in ana ƙidayar shekarun tsofaffi takan ambaci shekarar marisuwa. Sai da na girma na gane cewa annobar girif ce ta 1918, wadda ta kashe miliyoyin mutane a duniya, ta iso har garuruwanmu. Mutanen wancan zamani ba su da abin da za su zaɓa. Ko a zamaninmu, OMS ta ƙiyasta cewa girif na kashe mutum 290.000 zuwa 650.000 kowace shekara ta hanyar ciwon numfashi. Ni da aka miƙo mini rabin garkuwa, ina dalilin in ƙi ta don ba cikakkiya ba ce? Na kuma tuna fuskar uwargida a bakin gadon asibiti, tana kallon ruwa na ɗiga, ba ta cewa komai.

A Nuwambar 2023 wani taron malamai ya kai ni Yamai. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka na yi ta tun ɗari bai kama ba. Malamar asibitin ta tambaye ni ko ina da zazzaɓi, ko wata allura ta taɓa tayar mini da jiki sosai. Na ce a'a. Dantse ya yi mini nauyi kwana biyu, sukari ya ɗan motsa ya koma wurinsa.

Cikin Fabrairu mura ta kama ni, ta hanci da majina. Dattijon fada ya yi dariya har da tafi: «Ina allurar taka, Malam?» Na ce tana nan, ba wannan aka ɗauke ta gadi ba. Na auna jinina sau huɗu a yini, na sha ruwa, na bar maganin kwalba a kanti, kwana uku na koma aji. Ba zan ce allura ce ta tsare ni daga girif a wannan shekara ba, wanda bai zo ba ba a san dalilin rashin zuwansa. Abin da na sani shi ne na daina ɗaukar kaina kamar mai lafiyayyen bango.

Tun daga nan, duk Nuwamba nakan ware kuɗinta tare da kuɗin bargon yara. A bara, da na dawo fada da auduga a dantse, dattijon nan ya miƙo mini kofina marar sukari, ya yi shiru ɗan lokaci, sa'an nan ya rage murya ya ce: «Malam, matata ma an ce tana da sukarin nan. A ina ka ce ake samunta?»