Ziyara a Ƙauyen Kunkura na Noflaye

Duk wanda ya bar birnin Dakar ya bi ta Rufisque, bayan tafiyar kamar kilomita 35 zai iso Noflaye. A nan, cikin inuwar manyan itatuwan kuka, aka buɗe Ƙauyen Kunkura a shekarar 2001. Babban kunkurun Sahel ake kiwo, irin wanda muka sani a gidajenmu, wanda ya fi kowane kunkurun tudu girma a doron Afirka, kuma yana iya haura shekara 70.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne, da yawa daga cikinsu daga gidajen mutane aka kawo su, kuma ciwonsu a gida ya samo asali. Kunkuru maciyin ciyawa ne. Idan aka ciyar da shi da sauran shinkafa da burodi, aka kuma tsare shi inda rana ba ta kaiwa, sai ya rasa sinadarin kalsiyam, ƙoƙon bayansa ya yi taushi ko ya yi tozo-tozo. Wasu kuwa kan huda gefen ƙoƙon don su ɗaura igiya, alhali ƙashi ne mai rai, mai jini da jijiya. Ta wannan kafa ƙwayoyin cuta ke shiga har ya ruɓe. Kwana a kan siminti mai sanyi da laima shi ke jawo ciwon numfashi: majina, kumfa a hanci, kumburin ido, da ƙin cin abinci. Ga kaska, ga tsutsar ciki.

Saboda haka sabon zuwa akan keɓe shi tukuna, kada ya shafa wa saura. A shekarar 2006 aka fara mayar da wasu masu lafiya dajin Ferlo, inda suke gina raminsu da kansu.

Kunkuru ba ya kuka, ciwo kan daɗe a jikinsa kafin a lura. Wanda ke da shi a gida, amana ce a hannunsa: a ba shi ciyawa, rana, inuwa, ruwa mai tsabta da ƙasar da zai tona. In an ga majina, a nemi likitan dabbobi. A kuma koya wa yara wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi, domin kashinsa kan ɗauki ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, ko da shi kansa lafiya lau yake.