Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Yau labarin wata tafiya zan ba ku, wataƙila ya amfani wani ɗalibi ko malami da ke zaune da takardar gayyata a hannu yana tunanin ta ina zai fara.

Ni ɗan Bunkure ne, a bakin kwatar ruwa na tashi. Ruwan da ke fitowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke gangarowa ya shayar da gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, da shi mahaifinmu ya noma shinkafa da alkama da tumatir har ya biya mana kuɗin makaranta. To da na fara bincike a jami'a, sai na ɗauki abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya, wato yadda laka da ciyawar kachala ke toshe magudanai, mai gona a kai ya sha ya ƙoshi, mai gona a ƙarshe ya kwana yana jira.

A 2022 aka karɓi takardata a Makon Ruwa na Duniya da ake yi kowane watan Agusta a Stockholm, babban birnin Suwidin. Murna ta hana ni lissafi. Sai da ya rage mako uku na buɗe fasfona, ashe saura wata biyu ya mutu, alhali dokar bizar Shengen ta ce sai ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowarka. Kafin in sabunta an tashi daga taro. Da na gaya wa Baba, bai ɗago daga gyaran kunyar da yake yi ba, sai ya ce, "Kai da ka san in ranar ruwanka ta wuce sai wani makon, me ya sa ka zauna?" Wallahi maganar nan ta fi rashin tafiyar yi min ciwo.

Da aka sake gayyata ta a 2023, tun watan Afrilu na fara shiri, domin ana iya neman bizar tun saura wata shida. Na haɗa takardar gayyata, da wasiƙar wurin aiki, da bayanin asusun banki, da shaidar masauki da ta jirgi, da inshorar lafiya wadda dole ta kai ta yuro 30,000. Kuɗin biza a lokacin yuro 80 ne, amma tun watan Yunin 2024 ya koma 90. Katin allurar shawara ma na sa shi cikin fasfo, kuma kowace takarda na yi mata kwafi biyu, ɗaya a jakar hannu ɗaya a waya.

Daren tafiya Inna ta kawo min kilishi da dambun nama a leda. Da ƙyar na fahimtar da ita cewa ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shiga da nama ko madara. Ta ce, "To me za ka ci a can, ɗan nan?" Ƙarshe dabino da soyayyar gyaɗa na ɗauka, kuma sun yi min rana, don abinci a can akwai tsada.

Na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, na bi ta Adis Ababa, na sauka Arlanda. Daga nan jirgin ƙasa na Arlanda Express yana kai mutum tsakiyar gari cikin kamar minti 20, bas kuwa ta fi sauƙin kuɗi amma ta fi jimawa. Abu uku suka so su kunyata ni. Na farko kuɗinsu kurona ne ba yuro ba, kuma shaguna da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi sai kati, don haka ka tabbatar wa kanka a banki cewa katinka zai yi aiki a waje. Na biyu soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga, sai da na sayi adafta. Na uku agogonsu a watannin zafi yana gaban namu da awa ɗaya, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8 na dare, sai ka nemi jadawalin sallar garin tun daga gida. Akwai babban masallaci a unguwar Södermalm. Ka tafi da rigar sanyi da laima, don abin da suke kira zafi a wurinmu hunturu ne. Ruwan famfonsu kuwa sha ake yi, kada ka ɓata kuɗinka a na gora.

Minti goma aka ba ni in yi magana, kuma a can minti goma ba ya zama sha ɗaya. Na nuna hoton kwatar da ke ƙarshen gonar Baba, kachala ta rufe ta ruf. Bayan na sauka wani injiniya daga Indiya ya riƙe hannuna ya ce tamkar ƙauyensu na nuna. A nan na gane abin da na yi asara a 2022: ranar da kujerata ta zauna babu kowa, babu wanda ya ambaci sunan Bunkure a zauren.

Da na dawo Baba bai tambaye ni tsaraba ba. Cewa ya yi, "Ka gaya musu maganar kachala?" Na ce na gaya musu, Baba. Ya ce to madalla, ya miƙo min fartanya.

Don haka ɗan uwa, in takardar gayyata ta zo, kafin ka sanar da dangi, ka fara buɗe fasfonka ka duba ranar mutuwarsa. Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya.