Kunna Wuta da Baka a Dazukan Ingila

Kunna wuta da baka dabara ce ta jan baka mai igiya don murza busasshen itace a kan wani har ƙurar da ke zubowa ta zama garwashi. Tsohuwar fasaha ce, domin an sami kayanta a kabarin Fir'auna Tutankamun da aka gano a Masar a 1922. A Ingila, ƙasar da John Walker ya ƙirƙiro ashana a 1826, yau sai an biya kuɗi ake koyonta. Shirye-shiryen Ray Mears a talabijin sun sa jama'a sha'awar zaman daji, kuma a wasu wuraren darasin yini guda yakan kai fam 100. Wannan farashi ne ke ɗaure wa Bahaushen da ke zaune a can kai, shi da ya tashi inda ake aiken yaro maƙwabta ya ɗebo wuta a kasko, tsofaffi kuma suna da ƙyastu da ƙanƙara a aljihu.

Kayan aikin huɗu ne: baka mai tsawon hannu da igiyarsa, sandar murzawa mai kaurin babban yatsa, allon da ake takewa, da ɗan katako mai rami da ake danne kan sandar da shi. Sanda da allo su kasance na itace mai taushi, wanda farce zai iya lotsawa. Turawa sun fi amfani da itatuwan wilo da laim. Ana fara huda ɗan gurbi kusa da bakin allon, a murza har ya yi baƙi, sannan a yanka tsaga mai baki buɗe wadda tsininta ya kusa tsakiyar gurbin. A ƙarƙashinta ake shimfiɗa ganye don tara ƙura.

Mai koyo yakan durƙusa da gwiwar dama, ya take allon da ƙafar hagu, ya manne wuyan hannunsa da ƙwaurinsa don kada sandar ta yi rawa. Ana jan bakan a hankali, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ƙura mai launin ƙasa alama ce cewa da sauran aiki. Idan ta yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe, sai a ƙara sauri da dannawa. Tarin ƙurar da ya ci gaba da hayaƙi bayan an ɗaga sandar ya riga ya kama. Ba a gaggawa a nan: a bar shi ya yi ja, a juye cikin dunƙulen busasshiyar ciyawa, a hura sannu.

Babbar matsala a Ingila ita ce laima, shi ya sa ake ɓoye ciyawar cikin riga ta sha ɗumin jiki. A ƙasar Hausa hunturu ya sauƙaƙe wannan, ga audugar rimi da ke kamawa nan take.

Abin takaici, masu biyan fam 100 sukan tarar an feƙe musu sanda, an ɗaura igiyar nailan, alhali zaɓen itace shi ne rabin ilimin. Duk da haka Turawa sun cancanci yabo: sun rubuta dabarar, suna koya wa 'ya'yansu. A gida kuwa ashana da laita sun kore ƙyastu, kuma matasa ƙalilan ne suka iya riƙe shi, ko da yake maƙeran da za su ƙera shi suna nan.