Kwana biyu a Kyoto, birnin da awara ke da daraja

Uwargida, idan aikin maigida ko karatun ɗa ya kai ki Japan, kuma kwana biyu kacal gare ki na buɗe ido, to ki yi su a Kyoto. Daga Tokyo, jirgin ƙasa mai gudun tsiya da ake kira Shinkansen zai sauke ki cikin awa biyu da 'yan mintoci. A nan fadar sarkin Japan ta zauna tun shekarar 794, fiye da shekara 1000, kafin ta koma Tokyo. Abin gani ya fi ƙarfin kwana biyu, don haka kada ki ce sai kin ga komai. Wuri ɗaya da safe, ɗaya da yamma, tsakani a zauna a ci a huta. Sauri ya haifi nawa.

Ranar farko ki yi sammako zuwa Fushimi Inari, minti biyar a jirgi daga babbar tashar garin. Wurin bautar mabiya addinin Shinto ne, amma abin da ke jan baƙi shi ne dubban ƙofofin katako masu launin ruwan goro da aka jera har saman dutse, mutum na ratsawa kamar cikin rumfa. Kamfanoni da 'yan kasuwa ne ke ba da su kyauta, shi ya sa za ki ga sunaye a bayan kowace. Ba a biyan kuɗin shiga. Hawa da saukowa na cin awa biyu zuwa uku, saboda haka idan da yara, a yi rabi a juyo. Matakala ce ko'ina, zanin goyo ya fi keken jarirai amfani.

Da rana sai kasuwar Nishiki, siririn layi mai rufi, tsawonsa kusan mita 400, shagunansa sun haura 100. A nan ne tambayar kowace uwa ke tasowa: me za mu ci? Amsar za ta ba ki dariya: awara. Wadda muke soyawa mu barbaɗa mata yaji, a Kyoto abincin alfarma ce, sunanta tofu. Akwai yudofu, awarar da ake ɗumamawa cikin ruwa da ganyen teku a kawo ta a tukunyarta tana tururi. Akwai yuba, wato yanar da ke taruwa a saman madarar waken soya idan ta yi zafi, ana kwashe ta a hankali a ci. Ba yaji, ba mai, ga laushi kamar kindirmo. Ki saka ɗan yajinki a jaka, ba laifi ba ne.

Sai dai a kula. Romon taliyar nan ramen galibi da ƙashin alade ake haɗa shi, kuma girki da yawa ana zuba masa mirin, giyar shinkafa mai zaƙi, har cikin miyar da ake tsoma awarar. Ganin ba nama a kwano bai isa hujja ba. Garin na da gidajen abinci masu shaidar halal. Ki nemo su a wayarki tun kafin yunwa ta kama yara, kuma ki adana rubutu da Japananci mai cewa ba alade, ba giya, ki nuna wa mai kawo abinci. Wani abu kuma: a Nishiki ba a son mutum ya riƙa ci yana tafiya. Inda kika saya, nan za ki tsaya ki cinye, ki miƙa musu ledar, don kwandon shara na wuya a tituna.

Da la'asar ki hau zuwa Kiyomizu-dera. Barandarsa ta katako mai tsayin mita 13 an haɗa ta ba tare da ƙusa ko ɗaya ba, kuma ginin yana tsaye tun 1633. Daga can garin duka na ƙarƙashinki. A gangarowa ki ɗanɗana yatsuhashi, alawar garin shinkafa da sukari da kirfa. Ita ce tsarabar da kowa ke tafiya da ita.

Rana ta biyu ki fara da kissaten, tsofaffin gidajen shan kofi na Japan, irin su Inoda Coffee da ya samo asali tun 1940. Burodi da wainar ƙwai mai kauri, kofi, kujera mai taushi, kamar teburin mai shayi da aka cire wa hayaniya. Ki duba kada a haɗa miki da yankan naman alade. Ba a barin tukwici, kuɗin da aka rubuta shi ne kawai. Daga nan sai Kinkaku-ji, ginin da aka lulluɓe hawansa biyu na sama da zinariya, hotonsa kwance a cikin tafki. An ƙona shi a 1950, aka sake gina shi a 1955. A lambunsa za ki iya zama ki sha matcha, koren shayi mai ɗaci, da 'yar alawa a gefe: a fara cin alawar, sannan a kurɓa. Yammar kuma ki bar ta ga dajin gora na Arashiyama da bakin koginsa, inda yara za su sake.

Lokacin tafiya ma abin dubawa ne. Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu furanni ke buɗewa, Nuwamba ganye ke yin ja, amma a lokutan nan ne cunkoso da tsadar masauki suka fi yawa. Yuli da Agusta kuwa zafi ne mai gumi. Ki tafi da takalmi mai sauƙin cirewa da safa mai tsafta, don wurare da dama sai an tuɓe takalmi a ƙofa. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo da ke lafiya.