Gani Ya Kori Ji: Darasi Daga Wata Na'ura Tsakanin Kwari da Sabon Gari

Sati biyu kafin Ƙaramar Sallah, lokacin da Kantin Kwari ke cika har babu masaka tsinke, wani ɗan kasuwa da nake kula masa da na'urori ya kira ni. "Injiniya," in ji shi, "ga baƙina na Maraɗi a tsaye da kuɗinsu, kwamfuta ta ƙi fitar da rasit."

Alhaji yana da shago a Kwari, da sito a cikin Fagge, da ofis a Sabon Gari kusa da France Road, inda babbar kwamfutar lissafi take. A kowane wuri akwai suwic guda, irin wanda ke iya zaɓar wa saƙo hanya. Tsakanin Kwari da Sabon Gari hanya biyu muka shimfiɗa: wayar fayiba mai gudun gigabit 1, da rediyo a kan rufi mai megabit 100, don ko-ta-kwana.

Ran nan masu gyaran kwata suka datse fayibar. Rediyon lafiyarsa ƙalau, amma babu saƙon da ya bi ta kansa. Laifin nawa ne. Da hannu na rubuta wa kowane suwic hanyarsa, kuma fayibar ta ƙare ne a wani ɗan akwati mai juya haske zuwa lantarki, don haka fitilar suwic ɗin tana nan kore, yana ta tura saƙo cikin wayar da ta mutu. Sai da muka yi awa uku ana rubuta rasit da biro.

A daren nan na koma ga abin da na daɗe ina ɗagewa: OSPF.

Hanyoyi biyu ne na'urori ke bi su san gari. Tsohuwar, wadda RIP ke bi, jita-jita ce: kowace na'ura tana gaya wa maƙwabciyarta, duk bayan daƙiƙa 30, "wuri kaza zango kaza ne daga nan," ita ma ta ƙara ɗaya ta faɗa wa ta gaba. Babu wadda ta ga hanyar, kowa "an ce" yake riƙe da shi. OSPF kuwa ya hana kowa magana a kan abin da bai gani ba. Kowane suwic yana bayyana wayoyin da ke bakin ƙofarsa kaɗai, da halin da suke ciki, sai a baza wannan shaida ga kowa ba tare da an taɓa ta ba. Daga nan duk su haɗa taswira iri ɗaya, kowa ya lissafa hanyarsa mafi sauƙi da dabarar da Edsger Dijkstra, wani masani ɗan Holan, ya wallafa a 1959. Ƙa'idar da muke aiki da ita yau John Moy ne ya rubuta ta, ta fito a 1998.

Saitin bai da yawa. Na ba kowane suwic lambar shaidarsa: 1.1.1.1 a Kwari, 2.2.2.2 a sito, 3.3.3.3 a Sabon Gari. Na sa su duka a yanki na 0, tun da uku ne kacal. Na hana su sallama ta ramukan da kwamfutocin shago ke ciki, na sa kalmar sirri a tsakaninsu, don kada wani ya jona na'urarsa ya ɓata taswirar. Ita sallamar ita ce zuciyar abin: duk daƙiƙa 10 suwic yana gaishe da maƙwabcinsa, idan aka yi daƙiƙa 40 shiru, sai ya shelanta cewa hanyar ta mutu, ko da fitila tana kore. Dole lambobin nan su zama ɗaya a ɓangarorin biyu, in ba haka ba har abada ba za su amsa wa juna ba.

Aka gyara fayiba, na yi barci da murna. Washegari Alhaji ya sake kira: "Injiniya, kwamfutar yaro ɗaya tana gudu, ta ɗayan tana rarrafe. Aljanu ne?"

"Ranka ya daɗe, lissafi ne," na ce, ko da yake a lokacin ban gano bakin zaren ba.

OSPF yana yi wa kowace hanya farashi. A na'urorin Cisco, in ba ka canza ba, ana raba megabit 100 ne da gudun hanyar, kuma farashi ba ya yin ƙasa da 1. Rediyo ya samu 1. Fayiba, mai ninkinsa goma, ita ma 1. A idon suwic ɗin, kwalta da lungu duk ɗaya ne, sai ya raba fasinja biyu. Wannan ma'auni gadon zamanin da megabit 100 ke zaman ƙololuwar gudu ne. Na ɗaga shi zuwa 10,000 a kan na'urorin uku gaba ɗaya: fayiba ta koma 10, rediyo 100. Daga nan na zare fayibar da hannuna, ina kallon agogo. Kafin daƙiƙa 45 rasit ya fito ta rediyo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a rana ta biyu babu suwic ɗin da ya yi ƙarya. Kowanne ya faɗi abin da ya gani, taswirarsu ta zo ɗaya, lissafinsu daidai, amma ma'aunin da na bar musu ya tsufa. Tun daga lokacin, duk suwic ɗin da zan saita, wannan lambar nake fara dubawa, kuma ba na barin shago sai na zare waya na ga abin da zai faru.