Ban Gan Ta Ba

Titin Kano zuwa Zariya ya raba garinmu gida biyu tun kafin a haife ni. Yawancin gidaje suna gabas da shi, amma masallacin Juma'a da firamare da injin niƙa da rijiyar burtsatse duk suna yamma. Don haka babu gidan da ba ya tura wani ya tsallaka, safe da yamma. Garin ƙarami ne, in ka taso daga Kano ka wuce Dakatsalle za ka same shi kafin Kwanar Ɗangora. Matafiyi ba ya ma lura da shi, sai dai ya hango rake a jingine a bakin hanya ya ce wa direba ya ɗan tsaya.

Goggo, ƙanwar babanmu, wadda a hannunta na tashi, ta fi kowa sanin halin titin nan. Ta haura shekara talatin tana tsallaka shi da ƙwaryar niƙa a ka. Tana da nata tsarin: sai ta kasa kunne tukuna kafin ta duba da ido, don a cewarta tirela tun daga nesa take sallama, ƙaramar mota ce ba ta da ladabi. Wata ranar hunturu, an idar da magariba, hazo ya sauko, ta fito daga wurin niƙa sanye da baƙin hijabinta. Ta wuce hannun farko lafiya. A hannu na biyu wata Golf ta ɗebe ta.

Allah Ya yi da sauran kwana. Ƙugunta ya karye, ta yi wata huɗu a kwance tsakanin asibiti da gidan mai ɗori, kuma tun daga nan ba ta ƙara tafiya ba sanda ba. Direban bai tsaya a wurin ba, kamar yadda da yawansu ba sa tsayawa don tsoron abin da taron jama'a zai yi musu. Ofishin 'yan sanda ya wuce ya miƙa kansa. Bayan kwana uku ya zo gida tare da wani dattijo daga tasharsu, ya durƙusa a zaure gaban babanmu, hularsa a hannu.

"Wallahi Baba ban gan ta ba," in ji shi. "Ƙarar kawai na ji."

Babanmu ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ya tashi ya tafi, an yafe. Ni ina raɓe a bakin ƙofa, ina ɗan shekara goma sha bakwai, na ce a raina ƙarya yake yi. Mutum da idonsa biyu, mota da fitilarta biyu, a ce ya kasa ganin babbar mace da farar ƙwarya a ka?

Na daɗe da wannan magana a ciki. Har na girma, na koyi tuƙi, neman abinci ya sa na riƙa bin hanyar da ta ɓalle daga Kwanar Ɗangora ta nufi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta bi ta Doguwa zuwa Saminaka da Jos. Masara nake sarowa a kaka. Wani dare bayan isha'i ina dawowa, na shigo wani ƙauye kafin Tudun Wada, sai ga tirela ta gabana ta kunna fitilunta duka, har da waɗanda yaran mota ke ƙarawa a saman gilashi. Idona ya rufe kamar an watsa mini gari. Tana giftawa sai ga yarinya a tsakiyar kwalta da farantin gyaɗa. Ban san lokacin da na taka birki ba. Motar ta ja, ta karkace, ta tsaya, tsakaninta da yarinyar bai fi kamu ɗaya ba. Gyaɗa ta watse, ita ko ƙwarzane ba ta yi ba, ta ruga da gudu tana kuka. Mutane suka taso daga teburin mai shayi. Da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Wallahi ban gan ta ba."

Na yi kusan awa a zaune a bakin hanyar, ƙafata tana rawa ta kasa taka komai. Mutumin nan na zaurenmu nake ta gani da hularsa a hannu.

Daga baya na zauna na yi lissafin da ya kamata a ce an koya mini tun ranar da aka ba ni lasisi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yarda cewa mutum ne, ƙafa ta tashi daga totur ta koma birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce, sau da yawa ma fiye. Daga nan ne taya za ta fara ja. In aka haɗa duka, mota mai lafiyayyen birki a busasshen titi tana bukatar fiye da mita 70 kafin ta tsaya cak. Ita kuwa ƙaramar fitila, wadda ake komawa kanta in an yi gaba da gaba da wata mota, haskenta bai fi mita 50 zuwa 60 ba, kuma ƙasa take kallo. Mai baƙaƙen kaya ba ya bayyana sai an zo kusa fiye da haka. To ka ga a irin wannan gudu, lokacin da direba ya ga mutum, magana ta riga ta ƙare. Abin da ya fi muni, shi mai tsallakawa yana ganin fitilar mota tar tun daga nesa, sai ya ɗauka ai shi ma ana ganinsa. Goggo ta sha faɗa mana cewa ta ga motar, ta zaci zai rage.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowace nahiya asara. Mu a nan ba ma bukatar alƙaluma. Kowane gari da ke bakin titin yana da wurin da ake nunawa da baki a ce a nan ne.

Da aka sake gina titin, aka buɗe ɓangaren Zariya zuwa Kano a 2023, mun yi murna, kuma har yau ina yi, don na san wahalar da muka sha. Sai dai akwai abin da ba mu faɗa da ƙarfi: da can ramuka ne ke gadinmu. Direba ba ya iya sakin mota saboda yana kaucewa rami. Yanzu kwalta ta yi sumul, gudu ya ƙaru, injin niƙa kuwa yana nan a inda yake.

A cikin wannan hali ne ƙanena da ke karatu a Kano ya turo mini wani bidiyo ta WhatsApp. "Yaya, kalli abin da ya kamata a yi mana." Wani titi ne a Rasha, dare ya yi, ƙanƙara ta rufe ko'ina, amma a tsakiyar hanyar ga zanen wurin tsallakawa, fari da rawaya, yana ƙyalli kamar yanzu aka shafa. Ba fenti ba ne. Fitila ce mai ƙarfi a kan dogon ƙarfe, an sa mata gilashi mai zane a baki, tana jefa zanen a ƙasa. Dattawan da suka kalli majigi a ƙofar fadar hakimi za su gane ta nan take, aikin ɗaya ne, sai dai maimakon farin ƙyalle kwalta ce allon. Su sun koma gare ta ne don ƙanƙara da taɓo suna binne fenti tsawon watanni. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da ƙurar hunturu da yashin da ruwa ke kwasowa da ɓawon rake da tayar tirela, waɗanda ba sa barin fenti ya yi ƙarko. Haske kuwa a bisa ƙurar yake sauka. Na kalli bidiyon ya fi sau goma, ina hango shi a gaban injin niƙan garinmu.

Shi kansa zanen, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan jakin dawa saboda ratsinsa, ba wani tsohon abu ba ne. A garin Slough na Ingila aka fara shi a hukumance a 1951. Kafin nan, tun 1934, ƙwallaye masu ruwan lemo suke kafawa a kan sanduna a bakin wurin tsallakawa, waɗanda har yau ake kira da sunan ministan sufurinsu na lokacin, Hore-Belisha. 

Amma da zumuɗin ya lafa, sai daren Tudun Wada ya dawo mini. A ce akwai wannan zane na haske a wurin, me zan gani? Zan ga zanen. Yarinyar fa? Hasken da ke saukowa daga sama kai tsaye ƙasa yake haskawa da tsakiyar kan mutum, alhali direba gefen jiki yake kallo. Shi ya sa masu tsara fitilun hanya suke kafa fitilar wurin tsallakawa 'yan mitoci kafin zanen, ta ɓangaren da mota ke tahowa, don hasken ya bugi mutum ta fuskar da direba ke gani, kuma ya kai har bakin titi inda yake tsaye yana jira. In ba a yi haka ba, za a iya samun zane mai kyau da baƙar inuwa tana tafiya a kansa. Tsorona ma ya wuce nan: yaro ya ga wuri ya yi haske ya ɗauka nasa ne, ya shiga da gaba gaɗi, alhali direban da ke tahowa daga Kaduna bai taɓa tsayawa don wani zane ba a rayuwarsa. Ni kaina, in zan faɗi gaskiya, ban taɓa tsayawa ba.

Ga kuma maganar wanda zai kula da ita. Duk mai bin garuruwan Bebeji da Ƙiru ya ga fitilun sola da 'yan siyasa ke kafawa. Shekarar farko gari ya yi kamar rana, daga nan batiri ya mutu ko a wayi gari an kwance shi, ƙura ta rufe farantin, ƙarfen ya zama wurin ɗaure akuya. Kuma an fi jera su a ƙofar gidan mai faɗa a ji, ba a inda mata ke bi zuwa niƙa ba. Da za a tambaye ni, fitila huɗu daga cikinsu sun ishe mu, biyu a kowane hannu, a daidai inda sawun mutane ya riga ya yi turba, a kuma ɗora wa wani takamaiman mutum goge su, a riƙa biyansa. Na'urar zanen ta zo daga baya in da hali, zan yi maraba da ita. Amma ko an kawo ta gobe, in mota ba ta rage gudu ba lissafin mita 28 yana nan. A taron ministocin duniya kan tsaron hanya da aka yi a Stockholm ta Suwidin a 2020, an nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Mutanen ƙauyukan hanyar Doguwa ba su je taron ba, amma duk lokacin da aka kaɗe yaro za ka ga sun tara ƙasa da tsofaffin tayoyi da gungume sun yi tudu a kan kwalta. Abu ɗaya suke nema, sai dai tudun da ba alama ba fitila shi ma yana kifar da mai babur cikin dare.

Da na ga duk wannan ya fi ƙarfina, sai na nemi abin da bai fi ba. A Finlan, inda dare ke da tsawo a lokacin sanyi, masu tafiya a ƙasa suna rataya wani ɗan abu mai mayar da haske a jikin riga, har dokarsu ta hanya ta ambace shi. Ba ya cin batiri, fitilar motar ce yake mayar wa direba tun daga nesa. Irinsa ne ja da farin tef ɗin da ake liƙa wa bayan tirela da a-daidaita-sahu. Na sayo naɗi biyu a wurin masu kayan mota a Kano, na kai wa telan unguwarmu, muka yanka muka ɗinka a jakunkunan yaran gidanmu masu zuwa makarantar dare, muka liƙa a gefen farantan talla da jarkokin ɗiban ruwa. Yaran suka mai da shi wasa, suna haska juna da tocila suna ihu. Kafin sati maƙwabta sun fara aiko da nasu.

Na rage wani yanki na kai wa Goggo. Har yanzu takan tsallaka, duk da hanin da ake yi mata, don ƙawarta tana yamma da titi kuma ba ta yarda a gaishe ta da aike ba. Na ce a bar tela ya ɗinka mata a gefen hijabi. Ta karɓa, ta jujjuya shi, ta kai shi kusa da ido.

"Ɗan nan, wannan ba shi ne na bayan manyan motoci ba?"

Na ce shi ne, Goggo.

"To ni ba tirela ba ce." Ta yi shiru, sannan ta turo mini sandarta da ƙafa. "Naɗa a nan. Daga ƙasa, inda fitilarsu ke kallo."